Yadda Ake Shirya wa Ranar St David: Kayan Yara, Romon Cawl da Wainar Wales

Duk shekara, da Fabrairu ta raba tsakiya, sai saƙonni su fara shigo mini daga iyayen da ba su daɗe da sauka a Wales ba, yawancinsu ɗalibai da ma'aikatan jinya a Cardiff, Newport, Swansea da Bangor. Tambayar ba ta canzawa: makaranta ta aiko da takarda wai yara su zo da kayan Wales ranar 1 ga Maris, to me za a sa musu, me za a kai, nawa zai ci? Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na jera komai a nan. Da iyaye mata nake magana, amma maigida, in kai ne a kicin ranar, duk ɗaya ne.

Aikin ba shi da wuya kuma ba shi da tsada. Abin da ke ɓata shi kullum shi ne barin komai sai daren ranar.

1. Nemo takardar makaranta (sati biyu kafin ranar)

Ranar St David, wato 1 ga Maris, wadda mutanen Wales suke kira Dydd Gŵyl Dewi, ba ranar hutu ba ce. Ana zuwa aiki, ana zuwa makaranta. In ta faɗo a Asabar ko Lahadi, wasu makarantun su yi bikinsu ranar Juma'a, wasu su bari sai Litinin, don haka kada ki yi aiki da abin da maƙwabciyarki ta gaya miki in ba makaranta ɗaya yaranku suke ba.

Abu uku za ki duba a takardar ko a manhajar makarantar: ranar da za a yi, irin kayan da aka yarda a sa, da ko an yarda a kawo abincin da aka dafa a gida.

Gargaɗi: hutun tsakiyar zango na Fabrairu yana faɗowa dab da wannan rana. Takardar takan zo kafin hutun, ta kwana a jakar yaro tare da ɓawon ayaba, a manta da ita. A shekararmu ta farko haka na tura 'yata da yunifom. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon yara kamar jajayen kanwa, ita kaɗai cikin launin toka. Ba ta ce mini komai ba, riƙe hannuna kawai ta ƙara yi.

St David waliyyin Kirista ne da Wales ta ɗauka a matsayin nata, kuma wasu iyayen sukan tambaye ni hukuncin shiga abin. A yawancin makarantun gwamnati ranar waƙa ce da tufafi da gasa, amma makarantun da ke ƙarƙashin coci sukan haɗa da addu'a. Ki tambayi malamar ajin abin da aka tsara. Doka ta ba iyaye damar cire ɗansu daga ibadar haɗin gwiwa ta makaranta, kuma cire shi daga wannan ba ya hana shi shiga sauran shagalin.

2. Kayan sawa (kwana goma kafin ranar)

Na 'yan mata su ne masu sassa da yawa: doguwar baƙar malafa mai kama da turmin da aka kife, farar hula mai tattara da ake sawa a ƙarƙashinta, mayafin kafaɗa, siket ja ko mai ɗaki-ɗaki, da farin ƙyallen da ake ɗaurawa a gaba. Manyan kantuna irin su Tesco da Asda na cikin Wales suna fito da cikakken saiti a watan Fabrairu. Ki ware tsakanin fam 10 zuwa 20, ya danganta da shekarun yarinyar. Kafin ki saya, ki leƙa shagunan gwanjo na unguwa ko ki tambaya a zauren WhatsApp na iyayen ajin. Kaya ne da ake sawa sau ɗaya a shekara, kusan kowace uwa tana da wanda ya yi wa 'yarta kaɗan.

Hattara da kitso. Malafar nan ba ta san shuku ba. In kin yi wa yarinya kitson da ya taru a tsakiyar kai, malafar za ta zauna a sama kamar tulu, iska ta ɗauke ta tun kafin ku kai ƙofar makaranta. Ki yi mata kitson da ya kwanta ya zubo baya. Wadda take sa hijabi kuwa ta huta: ƙaramin farin hijabi a madadin farar hular, malafa a kai, ya yi kyau ƙwarai.

Na maza ya fi sauƙi. Ko dai farar riga da falmaran da hular hana-sallah mai faɗi irin ta tsofaffin masu haƙar kwal, ko jar rigar ƙungiyar rugbi ko ta ƙwallon ƙafa ta Wales. Ta asali tana da tsada, ba kuma dole ba ce. Duk wata jar riga ta wadatar in an maƙala mata alama.

Babban kuskure, kuma na ga an yi shi: tura yaro da tutar Birtaniya, ko da farar rigar Ingila mai jan fure a ƙirji. Mutanen Wales ba Ingilishi ba ne, kuma ba su da wuri ko kaɗan a cikin zanen tutar Birtaniya. Tutarsu ita ce mai jan dodo mai fukafukai, fari a sama, kore a ƙasa. Za ki kuma ga wata baƙa mai gicciye rawaya, wannan ta St David ce.

Maris a Wales sanyi ne da ruwa. Ki sa wa yarinya doguwar safa mai kauri a ƙarƙashin siket, rigar ruwa a sama.

3. Alamar ƙirji

Alamomi biyu ake maƙalawa. Ɗaya furen dafodil ne, rawaya mai baki kamar kakaki. Ɗayar kuma lik, wato wani ɗan'uwan albasa mai doguwar farar gora da faffaɗan lawashi. A harshensu sunan kusan ɗaya ne: lik shi ne cenhinen, dafodil kuma cenhinen Bedr, wato lik ɗin Bitrus. A al'ada 'yan mata sun fi ɗaukar furen, maza su ɗauki lik, amma ba wanda zai tare yaro a kan haka.

Na yadi ake sawa, ba ɗanye ba. Ana sayar da su da fil a jiki a kan fam ɗaya ko biyu. A watan Maris ƙungiyar agaji ta Marie Curie ma tana raba ƙananan dafodil na maƙalawa ga duk wanda ya jefa sadaka a akwatinta. Ga yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, ki ɗinke alamar a jikin riga da zare, ki ajiye fil.

Gargaɗi mai muhimmanci: dafodil guba ne, daga saiwarsa har ganyensa. Ana sayar da damin wanda bai buɗe ba a kan kusan fam ɗaya, kuma kamarsa ɗaya da lawashi, saiwar kuma sak ƙaramar albasa. Mutane sun sha kwanciya da amai da gudawa saboda sun yanka shi a miya. In kin saya don ado, daga jaka sai kwalbar ruwa a kan taga. Kada ya kusanci kicin, musamman in akwai baƙuwa daga gida da ke taya ki girki.

4. Cefane (kwana uku kafin ranar)

Na cawl, wato romon nama da kayan lambu na Wales, wanda ake furtawa kaul, don mutum biyar zuwa shida: kilo 1 na wuyan ɗan rago ko kafaɗa da ƙashinsa, albasa 1, karas 3, dankalin turawa 4 manya, lik 2 ko 3, rabin swede, ganyen fasli, gishiri da masoro. Swede wani dunƙulallen abu ne kamar ƙaramin ƙoƙo, ɓawonsa shunayya da rawaya, za ki gan shi kusa da karas. Naman ne kawai mai cin kuɗi, ki ware fam 10 zuwa 15 a kilo a wajen mahautan halal. Na Cardiff suna nan a City Road da Grangetown. Ki ce a sara miki wuyan gunduwa-gunduwa. Kayan lambun duka da wuya su wuce fam 5.

Na wainar: fulawa mai tashi da kanta, wadda aka rubuta self-raising a jikinta, giram 225, bota giram 110, sukari mai laushi da ake kira caster giram 85, zabibi giram 50, ƙwai 1, rabin ƙaramin cokali na mixed spice, ɗan gishiri da ɗan madara. In ba ki sami mixed spice ba, ki haɗa garin kirfa da gyaɗar ƙamshi da ɗan kanumfari. Wannan awon yana ba da guda 15 ko makamancin haka.

Ki sayi sikelin kicin in ba ki da shi. Mu da muka saba awo da ido da gwangwanin madara, a nan idon yana ƙarya.

Gargaɗi ga mai niyyar sayen wainar a shago: tsohon girkin Wales da lard ake yin sa, wato kitsen alade, ko a raba shi biyu da bota. Har yau wasu masu gasawa haka suke yi. Ki karanta bayan leda, ki nemi alamar da ke nuna ta dace da marasa cin nama. A rumfunan kasuwar Cardiff da ake gasa ta da zafi a gabanki, ki tambaya da bakinki, ba sa jin haushi. Haka ma cawl na gidan abinci, wani da naman alade ake haɗa shi. Welsh rarebit kuma, burodin nan da ake gasawa da cuku a kai, sau da yawa da giya ake kwaɓa cukun.

5. Tafasa naman cawl (jajiberen ranar, da safe)

Cawl farfesu ne da ba ya son gaggawa, kuma kwana biyu yake ci.

Ki wanke naman ki zuba a babbar tukunya, ki rufe shi da ruwan sanyi kamar lita 2, ki jefa albasa a yanke gida huɗu da ɗan gishiri. Da ruwan sanyi ake farawa, ba tafasasshe ba. Da ya fara tafasa kumfa mai launin toka za ta taso, ki riƙa kwashewa da ludayi har ta ƙare. Sannan ki rage wuta can ƙasa, ki ɗan karkace murfi, ki bar shi yana ɓararraka a hankali awa 2, sai naman ya fara zamewa daga ƙashi da kansa.

Ba a soya naman, ba a sa tumatir, ba a sa manja. Na san hannunki zai yi ta kaiwa wajen kori da attaruhu. Ki daure. Romon fari ne, daɗinsa daga ƙashi da lik yake fitowa, in kika cika shi da kayan yaji kin yi farfesun gida mai daɗi amma ba ki yi cawl ba. Ni dai ina jefa dunƙule ɗaya, ban kuma taɓa faɗa wa maƙwabciyata 'yar Wales ba.

Ki sauke, ki tsame naman a wani kwano. Ki sa tukunyar cikin ruwan sanyi a wurin wanke-wanke don ta huce da wuri, cikin awa biyu komai ya shiga firij. Kada ki bar ta a kan murhu ta kwana, gidajen nan masu na'urar ɗumama ɗaki suna lalata romo kafin safiya.

6. Kwaɓa wainar (jajiberen ranar, da yamma)

Sunanta a kudu picau ar y maen, a arewa cacennau cri, a shago kuma Welsh cakes. Ba biskit ba ce, ba kek ba ce, tana tsakaninsu, kuma ba ta shiga oven.

Ki tankaɗe fulawa da gishiri da kayan ƙamshi a roba. Ki yanka bota ƙanana, da sanyinta daga firij, ki murza ta cikin fulawar da kan yatsu har ta koma kamar tsakin dambu. Ki zuba sukari da zabibi ki juya. Ki kaɗa ƙwan daban, ki zuba, ki tattara da hannu. In ya ƙi haɗuwa, madara babban cokali ɗaya, ba fiye ba, sai kin sake gwadawa.

A nan mafi yawanmu muke faɗuwa, saboda hannunmu ya saba da kwaɓin cincin da na fanke. Wannan ba a buga shi, ba a luguiguita shi. Da ya dunƙule ya daina maƙalewa a roba, ki ɗauke hannu. In kika ci gaba da murza shi, wainar za ta fito da tauri kamar ƙuli-ƙuli. In kuma kicin ɗin da zafi har botar ta fara narkewa, ki sa kwaɓin a firij minti 20.

Ki barbaɗa fulawa a tebur, ki murza shi da abin murji ko kwalba mai tsabta. Kaurin ya kai kamar na fensir, kada ya wuce santimita 1. Ki yanka da abin yanka mai faɗin santimita 6, ko bakin ƙaramin kofin gilashi da aka tsoma a fulawa. Ragowar ki tattara ki sake murzawa.

7. Gashi

Mutanen Wales da wani faifan ƙarfe mai kauri suke gasawa, wanda ake gado daga kaka. Kasko mai nauyin gindi ya isa. Marar kaurin gindi kuwa kada ki soma.

Ki ɗora kaskon a wuta ƙasa da matsakaici, ki bar shi minti biyar ya ɗau zafi ko'ina. Ki shafa bota kaɗan da takardar kicin, shafawa kawai, ba suya za ki yi ba. Ki fara da guda ɗaya tak. Minti 3 a gefe ɗaya, ki juya, minti 3 a ɗayan. Ki sauke ki ɓara ta. In waje ya yi duhu ciki ɗanye, wuta ta yi yawa. In minti uku sun wuce tana nan fara fat, ki ƙara kaɗan. Sai kin daidaita da wannan ta gwajin sannan ki jera sauran, biyar ko shida a lokaci guda.

Launin da ake so ruwan zuma ne sama da ƙasa, da siririn farin layi a kewayen tsakiya. In kin danna ta da yatsa ta ɗan lotsa, ta yi. Za ta ƙarasa nuna a kan faranti. Kaskon yana ƙara zafi da tafiya, zagaye na uku ya fi na farko saurin ƙonewa, don haka ki riƙa rage wuta, ki kuma goge ɓurɓushin da ya yi baƙi tsakanin zagaye. Murhun lantarki ya fi na gas taurin kai wajen sauka, in ya yi zafi da yawa ki ɗauke kaskon gefe na minti ɗaya.

Da ɗuminsu za ki juya su cikin sukari, in sun huce ba ya kamawa. Ki bari su huce sarai kafin ki rufe su a mazubi, in ba haka ba gumi zai jiƙa su.

Kafin ki kai makaranta: yawancinsu sun hana duk abin da ya haɗa da gyaɗa da danginta saboda yaran da jikinsu ba ya karɓa. Kada ki shafa kaskon da man gyaɗa. Ki rubuta abin da ke ciki a takarda ki manna a murfin, wato alkama, ƙwai da madara.

8. Ƙarasa cawl (ranar, awa ɗaya kafin ci)

Ki fito da tukunyar. Kitsen ya daskare a sama kamar faifai, ki ɗebe shi da cokali. Dalilin kwanan ke nan. Ki zare naman daga ƙashi ki ajiye.

Ki ɗora romon. Karas da swede su fara shiga, a yanke manya, su yi minti 15. Sai dankali, shi ma manya, minti 15 zuwa 20. Sai ki mayar da naman. Lik ne na ƙarshe, minti 10 kacal, don in ya daɗe narkewa yake yi ya yi yauƙi. Ki ɗanɗana gishiri, ki sa masoro, ki watsa fasli bayan kin kashe wuta.

Lik yana ɓoye ƙasa a tsakanin ganyensa. Wanke shi a dunƙule aikin banza ne. Ki tsaga shi biyu a tsaye, ki buɗe ganyen ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin famfo. Swede kuma yana da taurin gaske, ki datse gindinsa ya zauna daram a kan katako kafin ki sa masa wuƙa.

Da burodi mai ɓawo da gutsuren cuku ake ci, cukun Caerphilly in an samu. Yajin da na hana ki zubawa a tukunya, yanzu ki ajiye shi a tebur kowa ya barbaɗa a kwanonsa. A 'yan shekarun nan 1 ga Maris tana faɗowa cikin azumi ko a bakinsa, kuma romo mai zafi da dankali bayan dabino a daren sanyi ba abin rainawa ba ne.

9. Safiyar ranar

Ki ƙara minti goma sha biyar a kan lokacin da kuka saba fita. Mayafin kafaɗa yana zamewa, ki kama shi da fil a gaba. Ki rubuta sunan yarinya a cikin malafar, don a aji ɗaya za a sami irinta ashirin.

A makaranta za a yi eisteddfod, wato gasar waƙa da karatun baiti da zane da rubutu tsakanin gidajen ɗalibai, a ƙarshe a zaunar da wanda ya fi iya rubuta waƙa a kan kujera ta musamman. In an ba ɗanki baitin da zai haddace da harshen Wales, kada ki gyara masa furuci da ƙa'idar Turanci, ya fi ki sani. A harshen nan f tana fita kamar v ta Turanci, w sau da yawa u ce, dd kuma sautin farkon kalmar the ne. Sunan ƙasar, Cymru, Kamri ake cewa.

Ke ma ki riƙe guda uku don bakin ƙofa: bore da, barka da asuba, diolch, na gode, sai gaisuwar ranar, Dydd Gŵyl Dewi hapus, kusan diz guyil Dewi hapis. Ko kin karkata ta, malamar za ta yi murmushi ta amsa.

In kina da sarari da rana, an sha yin jerin gwano da tutoci a tsakiyar Cardiff. Hukumar Cadw mai kula da tsofaffin ganuwoyi da gidajen sarauta ta sha buɗe wurarenta kyauta a wannan rana, sai dai ki duba shafinta tun da wuri, don akan buƙaci a yanki tikiti kafin a je. Gidan tarihi na St Fagans da ke gefen Cardiff kuwa shiga kyauta ne kullum, kuɗin ajiye mota kawai za ki biya.

Da yamma ki wanke mayafin da farar hular, ki cusa jarida a cikin malafar don kada ta lotse, ki haɗa su a leda ɗaya da alamar ƙirji, ki rubuta shekarun yarinyar a jiki. Baɗi in ya yi mata kaɗan, akwai wata uwa da za ta sauka a watan Satumba ba ta san komai ba.